Ranar Da Na Kashe Kanal

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ko da na so in manta, domin mutanen wani gari da ke tsakanin Kura da Bunkure sun ɗaukar wa kansu aikin tuna min. (Ba zan faɗi sunan garin ba. Har yanzu ina bi ta hanyar, kuma in motar haya ta tsaya a wurin sai in sunkuya kamar ina ɗaure takalmi.)

Lokacin ban daɗe da gama karatu ba, na samu aiki a wata 'yar ƙungiya a cikin birni mai wayar da kai a kan muhalli. Ni ne mai haɗa fosta, ni ne mai ƙirƙiro take, ni ne mai ɗaukar hoto. Kaina ya kumbura iya kumbura. Duk wanda ya kawo shawarar a buga takarda a raba, sai in taɓe baki in ce, "Haba, wannan ai tsohon yayi ne. Mutane ba sa karatu, sai an girgiza su." Na ga yadda ake yi a intanet, kuma a ganina duk Kano ba wanda ya fahimci abin sai ni.

A garin nan ina da kawu, yayan mahaifiyata, Kawu Ɗanlami. Manomin rani ne, kuma gonarsa tana can wutsiyar kanal. Ga wanda bai san yankin ba, kanal ita ce kalmar da kowa yake kiran hanyar ruwan nan ta siminti da ke ɗauko ruwa daga dam ta raba wa gonaki. Matsalar ita ce leda da robobin maganin feshi da kunzugun yara da ciyawa sun toshe shi, na sama suna samun ruwa, na ƙasa sai kallo. A shekarar Kawu ya dasa tumatir, ruwa kuma ya tsaya kafin ya iso gonarsa. Da jarka yake ɗebowa a kan keke yana bin fangali ɗaya-ɗaya. Ya ce min, "Ɗan nan, in aka wuce mako guda a haka, to sai dai wata shekarar."

Magani ɗaya ne: a rufe ƙofar ruwa na yini guda, a fito aikin gayya a yashe kanal ɗin. Mutum ɗaya ne kuma yake da ikon sa a yi haka, shugaban ƙungiyar manoman garin. Kawu ya kai ni zaurensa da kansa, ya ce, "Ciyaman, ga ɗana daga birni, aikinsu ke nan." Dattijo ne dogo, a miƙe yake zama, ba ya yawan magana. Kowa a zauren Ciyaman yake ce masa, ni ma na bi sahu. Ya saurare ni har na gama zuba, sannan ya ce, "Na sha kiran gayya, mutum goma ke zuwa. Ku fara motsa su. In na ga sun motsa, ranar Asabar zan sa a rufe ruwa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ka bar min wannan." Wallahi da bakina na faɗa.

Bayan kwana biyu na kira Kawu a waya in ji labari. A cikin hira sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ga shi kuma Kanal ba shi da lafiya kwana biyun nan." Ni kuwa tsigar jikina ta tashi don daɗi. Na ce a raina, ji yadda manomi yake maganar hanyar ruwa kamar mutum mai rai! Har na ce masa, "Ai shi ya sa muka zo, Kawu." Ya ce, "To, Allah ya ba da lada." Ina ajiye waya na buɗe littafina na rubuta da manyan baƙaƙe: JANA'IZAR KANAL.

(Na san wasunku sun riga sun dafe kai. Ku yi haƙuri, ni a lokacin tafa wa kaina nake yi.)

Shirin ya tsaru. Kafinta ya haɗa mana makara da katako. Muka cusa buhu biyu da leda da robobin maganin feshi da muka tsinto daga ruwan, muka ɗaure su kamar mutum, muka naɗe da farin yadi, muka rufa da tabarma. Mu huɗu za mu ɗauka daga bakin gari zuwa wani fili da ke gefen gadar kanal. Na zaɓi filin ne saboda yana da faɗi, hoto zai yi kyau. Abokin aikina na biyar, Nura, zai hau kan gada da wani ƙaton ƙyalle a naɗe, da zarar ya ga an sauke makara sai ya sake shi. Daga nan in karɓi lasifika, in yaye tabarma, jama'a su ga abin da ya kashe musu ruwa, kunya ta kama kowa, ranar Asabar a fito da cebur. Ban gaya wa Kawu ba, ban gaya wa kowa a garin ba. In an sani ai ba girgiza.

Na naɗi sanarwar da muryata, har na sa mata amo. Ina iya karanto muku ita yanzu ba tuntuɓe:

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ana sanar da jama'a rasuwar Kanal, bayan doguwar jinya. Ya rasu ya bar gonaki da marayu masu ɗimbin yawa. Za a haɗu a filin bakin gada da ƙarfe sha ɗaya."

Muka ɗauko adaidaita sahu daga Kumbotso, muka ɗaura mata lasifika, direban ya shiga gari da misalin ƙarfe goma. Mu kuma muka laɓe bayan wani injin casar shinkafa da makararmu muna jiran lokaci.

Da muka fito, jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. An rufe shaguna. Injinan casa duk sun yi tsit. Mutane suna fitowa daga gonaki da taɓo a ƙafa, wasu suna alwala a bakin hanya, babura sai shigowa suke daga ƙauyuka. Na juya na ce wa na bayana cikin raɗa, "Kun gani ko? Wannan shi ake kira saƙo ya isa." Har ina tunanin yadda zan ba da labarin a ofis.

Abin da na manta, ni da aka haifa a Kano, shi ne makara ba ta zama a kafaɗar mutum huɗu. Ba mu yi taku ashirin ba wani ya zura kafaɗa ya karɓe ni, wani ya karɓi na gefena, kowa yana neman ladansa. Kafin in ce wani abu makarar ta yi gaba a kan kawunan mutane, da saurin nan da ake yi da gawa, mu huɗu an bar mu a baya hannu na dukan cinya. Ina bin su da gudu-gudu sai na ji wani tsoho da ya sauko daga ɗauka yana share ido yana cewa, "Allahu akbar, jinya ta cinye bawan Allah. Ba nauyi ko kaɗan." Robobin kuwa ina jiyo su suna ƙwaram-ƙwaram, amma salati ya danne.

Har a lokacin ban farga ba. Cewa nake mutanen nan sun iya shiga wasa. Sai wani magidanci da ke kusa da ni ya dafa ni, hawaye sha-sha-sha, ya ce, "Shekaranjiya fa muka gaisa a masallaci. Yau da asuba na ga ƙaramin ɗansa ya sa shi a mota za su asibiti a Kano. Ashe tafiyar ke nan."

Na ce, "Wa?"

Ya dube ni. "Kanal mana."

"Wane Kanal?"

"Kanal nawa gare mu? Ciyaman! Ba tsohon soja ba ne?"

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Maganar Kawu a waya ta dawo min ɗaya bayan ɗaya. Kanal ba shi da lafiya. Inna lillahi! Ashe mutumin da na zauna a zaurensa, wanda ruwan Kawu yake hannunsa, shi na yi shelar mutuwarsa da lasifika, da muryata, har da amo. Ciyaman sunan miting ne kawai. A gari, daga yaro har tsohuwa, Kanal suke ce masa tun da ya ajiye kaki. Filin da na zaɓa don hoto kuwa, nan suke sallar gawar manyan mutane in masallaci ba zai ɗauka ba. Shi ya sa ba wanda ya yi mamaki, kowa ya ɗauka daga asibiti aka wuto da shi kai tsaye.

Na fara kutsawa ina cewa, "Ku tsaya! Don Allah ku tsaya!" Sai mutane suka riƙe ni suna lallashi. "Yi haƙuri samari, duk can za mu." Wani ma ya rungume ni. Ina ƙoƙarin in ce leda ce, muryar ta ƙi fita, sai wani sauti kamar na ɗan akuya. Hakan ya ƙara tabbatar musu cewa ni na jiki ne.

Aka sauke makara a gaban fili. Aka fara ja sahu. Liman ya matso yana gyara rawani yana tambaya, "Ina 'ya'yansa? Wa ya yi masa wanka?" Babban ɗan Kanal, wani ƙaƙƙarfan mutum mai injin casa, ya iso jikinsa duk ƙaiƙayi, idonsa jawur, ya ce shi ba wanda ya kira shi, wayar ƙaninsa a kashe, yana so ya ga fuskar mahaifinsa.

A daidai nan na tuna da Nura.

Na ɗaga kai. Yana kan gada, ya ga an sauke makara, kuma Nura mutum ne mai cika umarni. Na ɗaga hannu biyu ina kaɗawa, kar ka yi, kar ka yi. Shi kuwa ya ɗauka alama nake ba shi. Ya ɗago min babban yatsa, ya saki ƙyallen.

Ya warware tun daga kan gada har kusa da ruwa, fari tas, da jan rubutu wanda ni na zaɓi girmansa don a iya karantawa daga nesa:

MU MUKA KASHE SHI.

Wanda bai iya boko ba yana tambayar na kusa da shi, ana gaya masa a kunne, kana ganin maganar tana tafiya sahu-sahu. Babban ɗan ya dubi ƙyallen, ya dubi makara, ya durƙusa ya fizge tabarma, ya yage yadin. Robar maganin feshi ta gangaro ta tsaya a gaban liman. Ta biyu ta biyo ta. Sai leda ta fara tashi.

Kar ku ɗauka an gane an yi dariya. Ina! Abin ma ƙara lalacewa ya yi. Mutumin nan ya miƙe ya yi wata ƙara, "Ina gawar babana? Me kuka yi da ita?" Wani ya nuna ni ya ce, "Ga wanda ya fito da makarar, kuma muryarsa ce a lasifika." Ban san lokacin da ƙafata ta bar ƙasa ba. Babban ɗan ya shaƙe min wuyan riga ya ɗaga ni, ina ta cewa, "Na ruwa! Na ruwa nake nufi!" Ba wanda ya fahimci me ya kawo ruwa cikin maganar. Na hango an kamo Nura ana gangaro da shi daga gada, takalminsa ɗaya. A raina na yi kalmar shahada, na ce ga makara, ga liman, ga sahu, komai a shirye yake, gawa kawai ake jira.

Sai hayaniya ta tashi daga sahun baya. Mutane suna darewa, wasu suna gudu har da faɗuwa, wani yana ta a'uziyya da ƙarfi. Abin da ya faru (daga baya aka ba ni labari) shi ne motar da ta dawo da Kanal daga asibiti ta tarar da hanya a cushe. Da ya ga jana'iza ce sai ya sauko, kamar yadda kowane musulmi zai yi, ya shiga sahun ƙarshe, ya taɓa na gabansa ya ce, "Wa ya rasu?" Mutumin bai waiwayo ba ya ce, "Kanal." Sannan ya waiwayo.

Haka Kanal ya ratso filin a hankali, da ledar magani a hannu. Ɗansa ya sake ni na faɗi tim, ya je ya rungume shi yana kuka kamar yaro. Kanal ya tsaya a kan makara ya daɗe yana kallon robobin. Ya ɗaga kai ya karanta ƙyallen, a fili, kalma-kalma. Sannan ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Aikin wane ne?"

Na ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe. Kanal na ruwa nake nufi."

"Na ruwa."

"Eh, ranka ya daɗe."

"Shi ne ya bar marayu?"

Na durƙusa a gabansa.

Ina durƙushe sai na ga ƙafafun da na sani, duk busasshen taɓo. Kawu ne. Yana can wutsiya yana ɗiban ruwa labari ya same shi, ya yar da keken ya taho a guje don ya samu sallar. Ya dube ni, ya dubi ƙyallen, ya cire hularsa, mutum mai furfura, ya durƙusa a gefena a gaban duk garin. Ya ce, "Ɗan ƙanwata ne. Ni na kawo shi zaurenka." Wallahi da shaƙar da aka yi min da wannan durƙuson, gara a shaƙe ni sau goma.

Kanal ya ce, "Tashi, Ɗanlami, ba kai ka yi ba." Ya juyo kaina. "Kai kuma, motar da ta kashe ni ita za ta tashe ni. Hau."

Haka na shiga bayan adaidaita sahu, lasifika a baki, muka bi gari lungu-lungu har da ƙauyukan gefe, ina cewa, "Jama'a, Kanal yana nan da ransa. Ni ne na yi ƙarya. Na ruwa nake nufi." Mata suna leƙowa ta katanga suna Allah ya isa. Wani mai shayi ya tsayar da mu ya ce in maimaita, bai ji sosai ba, alhali ya ji. Direban ya ce min tun da yake sana'ar nan bai taɓa jin kunyar fasinja ba sai yau.

Zangon ƙarshe gidan Kanal ne, wurin matarsa. Na tarar tsakar gida cike da mata, an shimfiɗa tabarmi, har an ɗora tukunyar abincin masu zaman makoki. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta. Daga bayan labule ta ce, da wata murya a dishe, "Kai ne ka kashe min miji da hantsi?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya. Ki yafe min."

"Har na cire ɗan kunne, ɗan nan. Har an zaunar da ni."

Sannan ta ce, "Je ka, na yafe." Ban samu sauƙi da jin haka ba, don ina jin yadda numfashinta yake fita da ƙyar. Kafin la'asar jininta ya hau, aka kwashe ta zuwa asibitin da mijinta ya baro da safe.

Kwana tara ta yi a kwance, Kanal yana gefenta. Asabar ta zo ta wuce, ba wanda ya isa ya tunkare shi da maganar rufe ruwa, ni kuwa ko sunana ba a so a ji. Sai da ta dawo gida, ranar Juma'a bayan an idar da salla, ladan ya miƙe ya ce, "Kanal ya ce gobe za a rufe ruwa a yashe kanal. Kowa ya fito da cebur." Shi ke nan. Ba fosta, ba amo. Kuma aka fito, har da na ƙauyuka. Ni ma na zo, na shiga taɓo har ƙugu, duk wanda ya ciko kwando sai ya ce, "Ina mai gawa? Zo ka ɗauka."

Washegari aka saki ruwa. Na bi shi a ƙafa tun daga gada har wutsiya, ina ganin yana tafiya ba abin da ya tare shi, har wani ɗan daɗi ya fara shiga raina. Na tarar da Kawu a tsaye a bakin gonarsa, hannu a baya. Dashen tumatirin nan duk ya ƙone, ya kwanta, in ka taɓa sai ya marmashe. Ruwan ya shigo yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya yana cika su.

Na ce, "Kawu, ruwa ya zo."

Ya gyaɗa kai, bai dube ni ba. Ya ce, "Ya zo, ɗan nan. Ya zo ta'aziyya."

Bai taɓa yi min faɗa ba, ko a ranar ko bayanta. A ranin nan, mutumin da yake da gonarsa, kwandunan tumatirin wasu ya yi ta lodawa a mota a bakin titi don gidansa ya ci abinci. Na gan shi da idona sau ɗaya, na kasa ƙarasawa in gaishe shi.

Har yanzu ina wannan aikin, kuma har yanzu ina son abin da zai ja hankalin mutane. Amma duk abin da na rubuta, komai kyansa a idona, ba ya hawa takarda ko lasifika sai na samu dattijon garin da za a kai shi, na zauna a ƙasa na karanta masa a hankali. In na gama ba na tambayarsa ko ya yi daɗi. Cewa nake, "Baba, don Allah, a cikin maganar nan wa ka ji na taɓa?"